Kundin Sayen Ƙasar da Gidanmu Yake Kanta a Birmingham

11 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta kowane mataki da muka ɗauka wajen sayen ƙasar da gidanmu yake kanta, da kowane kwabo da zai fita daga aljihunmu, saboda na lura cewa da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka sayi gidaje a Ingila ba sa sanin irin mallakar da ke hannunsu sai ranar da suka tashi sayarwa. Mun sayi gidan nan a 2006 a kudancin Birmingham. Gida ne mai ɗakin kwana uku wanda ya haɗa bango da na maƙwabta, da gareji a gefe da ɗan lambu a baya, kuma shekara biyu ke nan da muka gama biyan bashinsa. Sai dai abin da muka saya mallakar wa'adi ce, wato 'yancin zama a gidan na tsawon shekarun da aka rubuta a takarda. Mallakar dindindin tana hannun wani kamfani da ban taɓa ganin mutum ɗaya daga cikinsa ba, illa wasiƙar neman kuɗin ƙasa da ke zuwa sau biyu a shekara, fam 15 a ranar 25 ga Maris da fam 15 a ranar 29 ga Satumba.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne halin da maƙwabciyarmu ta shiga. Dattijuwa ce da mijinta ya rasu, tana son ta sayar da gidanta ta koma kusa da 'yarta. Sau biyu ana samun mai saye, sau biyu ciniki yana rushewa, domin banki ya ƙi ba da rance a kan gidan da ragowar wa'adinsa ya yi kaɗan. Da ta faɗa mini haka a bakin ƙofa, sai na shiga ɗaki na buɗe akwatin da muke ajiye fasfo da takardun haihuwar yara, na zaro tamu yarjejeniyar. An buga ta ne da tafireta, takardar ta yi rawaya, an kuma zagaye iyakar filinmu da jan alƙalami a taswirar da ke shafin ƙarshe. Wa'adin shekara 99 ne daga 25 ga Maris, 1972, ke nan zai ƙare a Maris na 2071. Lokacin da muka saya saura shekara 65, yanzu kuwa saura 46. Na biya fam 7 a shafin hukumar rajistar filaye na karɓi kwafin rajistar mai ƙasar, domin in tabbatar da sunansa da adireshinsa.

26 ga Janairu

Na yi waya da yayana da ke Kano na ba shi labari. Ya ce, “Ai mu ma nan haka ne, takardar mallakar fili da gwamna ke sa wa hannu yawanci ta shekara 99 ce, kuma ana biyan kuɗin ƙasa.” Na ce masa, “Yaya, gaskiya ne, amma akwai bambanci.” Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana domin jama'a. A nan kuwa mai ƙasar ɗan kasuwa ne da ya sayi haƙƙin domin riba, kuma ranar da wa'adi ya cika, gidan da abin da aka gina a kansa duk suna komawa hannunsa. Iyakar abin da doka ta tanadar wa mazaunin gidan a lokacin shi ne ya ci gaba da zama a matsayin ɗan haya, yana biyan haya daidai da farashin kasuwa. A 2071 babu tabbacin ina raye, amma 'ya'yana da jikokina su ne za su tarar da wannan, kuma ba na son in bar musu gadon da darajarsa ke raguwa kowace shekara.

Makon nan na karanta tarihin dokar da za mu bi, wadda majalisar dokokin Birtaniya ta zartar a 1967. Babban abin da ya haifar da ita shi ne halin da iyalan ma'aikata suka shiga, musamman a kudancin Wales, inda gidajen da aka ba da wa'adin shekara 99 a zamanin Sarauniya Biktoriya suka fara komawa hannun masu ƙasa. Tushen dokar shi ne cewa a ma'aunin adalci ƙasa ta mai ƙasa ce, gini kuwa na wanda ya saya yake kula da shi ne. Saboda haka ta ba mai gida ikon ya tilasta wa mai ƙasa ya sayar masa, ko yana so ko ba ya so. Amintattun dukiyar iyalan Duke na Westminster, manyan masu ƙasa a Landan, sun kai ƙara a kan haka har kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, amma a 1986 kotun ta ba gwamnatin Birtaniya gaskiya. Ke nan batun ko za a sayar mana ya riga ya wuce, abin da ya rage shi ne nawa.

15 ga Fabrairu

Hanya biyu ce a gabanmu. Ko dai a yi ciniki kai tsaye da mai ƙasa, ko kuma a aika masa sanarwar da doka ta tsara. Na fara gwada ta farko domin in ji bakinsu. Dillalan da ke kula da harkar kamfanin sun ce sai na biya fam 120 kafin ma su faɗi farashi, na biya, jiya kuma amsa ta zo ta imel: fam 19,500, ban da kuɗin lauyansu, kuma sun ba ni kwana 28 in amsa. Babu layi ɗaya a cikin wasiƙar da ya nuna yadda suka kai ga wannan adadi. Uwargida ta karanta sau biyu, ta ce, “Maigida, farashin da ba a nuna lissafinsa ba ai sallamar farko ce ta 'yan kasuwa, kada ka yi gaggawa.” Na bi shawararta. Na kira hukumar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta domin ba masu mallakar wa'adi shawara kyauta, wadda ake kira LEASE, suka tabbatar mini cewa ƙin amsa wannan tayi ba zai rage mini haƙƙina na doka ba.

1 ga Maris

Kafin a fara kowane lissafi sai an san ma'aunin da za a ɗora gidan a kai, domin dokar 1967 tana da ma'auni fiye da ɗaya, kuma bambancin kuɗi a tsakaninsu babba ne. Ma'aunin asali, wanda ke sashe na 9(1), an yi shi ne domin gidaje masu matsakaiciyar daraja da ƙaramin kuɗin ƙasa, kuma shi ya fi sauƙi ga mai saye. Ɗayan, na sashe na 9(1A), ya shafi gidaje masu tsada, kuma idan ragowar wa'adi bai wuce shekara 80 ba, sai an ƙara wani kaso da Turawa suka laƙaba wa sunan darajar aure. Ma'anarsa ita ce idan aka haɗe mallakar wa'adi da ta dindindin a hannu ɗaya, darajar gidan tana fin jimlar darajarsu a rarrabe, kuma rabin wannan ƙarin na mai ƙasa ne. Da gidanmu ya faɗa wannan ma'auni, da shekara 46 kacal a hannunmu, farashin zai iya ninka wanda dillalan suka ambata.

Abin da ke raba gardama shi ne tsohuwar kimar da ƙananan hukumomi ke yi wa gidaje domin haraji, wadda aka daina amfani da ita a 1990. Sharaɗin shi ne a ranar 31 ga Maris, 1990 kimar gidan ba ta wuce fam 500 ba a wajen Landan, ko fam 1,000 a cikinta, sannan kuɗin ƙasar bai kai kashi biyu bisa uku na kimar ba. Na yi kwana biyu ina neman inda zan samu wannan lamba, ashe tana cikin gidanmu. Ba mu da mitar ruwa, kuma kamfanonin ruwa har yau da wannan tsohuwar kima suke lissafa kuɗin gidajen da ba su da mita. A shafi na biyu na takardar kuɗin ruwanmu, da ƙananan haruffa, an rubuta fam 212. Lauyar da muka ɗauka ta ce za ta duba tsofaffin kundayen shekarun 1970 ta tabbatar, amma a ganinta ma'aunin asali ne namu.

Wannan ya warware mini wata tambaya da na daɗe ina juyawa a rai, wato ko mu jira sabuwar dokar da aka sa wa hannu a ranar 24 ga Mayu, 2024. Dokar ta yi alkawarin soke darajar aure, da mayar da tsawaita wa'adi zuwa shekara 990, da rage wa mai gida nauyin biyan lauyan mai ƙasa. Amma zuwa yau sassanta da suka shafi farashi ba su fara aiki ba, domin sai minista ya fitar da ƙa'idojin lissafi, ga kuma manyan masu ƙasa sun garzaya kotu. Wani abu guda da ya fara aiki shi ne soke sharaɗin sai mutum ya shekara biyu da mallakar gida kafin ya nemi saye, wanda aka cire daga 31 ga Janairun bana. Mu dai darajar aure ba ta shafe mu ba tun farko, don haka babban amfanin jira ba namu ba ne. Wanda ke da gidan bene na haɗaka, wato sashe guda a cikin benen da gidaje da yawa ke ciki, mai ragowar shekara 70, lissafinsa daban ne da nawa, kuma ban ce ya bi sawuna ba.

16 ga Maris

Mai kimanta gidaje da muka ɗauka ya zo ranar Talata, muna cikin azumi, ya auna ɗakuna da lambu, ya hau rufi ya leƙa, jiya kuma rahotonsa ya iso. Ladansa fam 600. Na zauna bayan tarawihi na bi shi layi-layi, kuma ina son in rubuta shi a nan dalla-dalla, domin da zarar mutum ya gane shi, tsoron wasiƙar dillalai yakan fita daga zuciyarsa.

Tushen lissafin gaba ɗaya shi ne cewa kuɗin da za a ba mutum bayan shekaru masu yawa ba daidai yake da kuɗin da ke hannunsa yau ba. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan. Mai ƙasa yana da abubuwan da yake jira nan gaba, mu kuma za mu biya shi yau, don haka sai a rage darajar abin da yake jira gwargwadon nisan ranar. Mai kimantawar ya yi amfani da kashi 5.25 cikin ɗari a shekara, kuma da wannan ma'auni fam guda da za a karɓa bayan shekara 46 bai wuce kwabo 9.5 ba a yau, alhali fam kwabo ɗari ne.

Abin da mai ƙasa zai rasa ya kasu uku. Na farko shi ne fam 30 ɗin da muke biya duk shekara har zuwa 2071. An dunƙule su da ma'aunin kashi 6.5, suka ba da fam 436. Wannan ya ba ni mamaki, domin da can na ɗauka kuɗin ƙasar shi ne ginshiƙin farashi, ashe shi ne mafi ƙanƙanta.

Kashi na biyu shi ne mafi nauyi kuma mafi wuyar fahimta. Dokar 1967 ta ba mai gida damar ya tsawaita wa'adinsa da shekara 50 a madadin saye, amma da sabon kuɗin ƙasa na zamani, wanda ake lissafawa daga darajar filin kaɗai ba tare da gini ba. A ma'aunin asali ana ƙaddarawa kamar an yi wannan tsawaitawa. To yaya za a san darajar fili a unguwar da babu filin da ba a gina ba? Sai a ɗauki darajar cikakken gida a mallakar dindindin, a ware wani kaso a ce na fili ne. Ya sa gidanmu a fam 250,000 bisa cinikin gidaje uku irinsa da aka yi a unguwar, ya ware kashi 33 na fili, wato fam 82,500. Kashi 5.25 na wannan shi ne fam 4,331, kuɗin ƙasa na zamani ke nan a shekara. Idan aka dunƙule shi na shekara 50 zai ba da kimanin fam 76,100, amma da yake ba za a fara karɓarsa ba sai bayan shekara 46, darajarsa a yau fam 7,232 ce.

Na uku shi ne komawar gidan kansa hannun mai ƙasa bayan shekara 46 da kuma 50 ɗin da aka ƙaddara, jimla 96. A da wasu masu kimantawa kan bar wannan, amma tun bayan hukuncin babbar kotun harkar filaye a shari'ar Clarise ta 2012 an saba sa shi a lissafi. Fam 250,000 bayan shekara 96 ya koma fam 1,839 a yau. Idan aka haɗa ukun, farashin ya tsaya a fam 9,507, wato bai kai rabin abin da dillalan suka nema ba.

29 ga Maris

Na zuba lambobin a jadawalin lissafi a kwamfuta, ni da babbar 'yata da ke karatun akanta, muka riƙa sauya su ɗaya bayan ɗaya domin mu ga wadda ta fi motsa farashi. Ita ce ta fara lura. Ta ce, “Baba, duba abin da rabin kashi ɗaya yake yi.” Da muka mayar da 5.25 zuwa 4.75 ba tare da taɓa komai ba, sai fam guda na 2071 ya tashi daga kwabo 9.5 zuwa 11.8, jimlar farashi kuma ta koma fam 12,141. Bambancin fam 2,634 ke nan daga lamba ɗaya. Ba banza muka gwada 4.75 ba, domin shi ne adadin da aka tsayar wa gidaje a shari'ar Sportelli, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2007, inda aka sa kashi 5 ga gidajen bene na haɗaka. Sai dai shari'ar ta shafi kadarori ne masu tsada a tsakiyar Landan, kuma mai kimantawarmu ya ce ga gidaje irin namu a wannan yanki, a ma'aunin asali, kotuna sun sha tsayawa a kan 5.25. Na tabbata a nan ne za a yi jayayya.

Abu na biyu da jadawalin ya nuna ya fi taɓa ni. Ko da darajar gidan ba ta ƙaru da kwabo ba, jinkirin shekara ɗaya yana ƙara kimanin fam 476 a kan farashin, kuma ƙarin yana girma kowace shekara domin ranar mai ƙasa tana matsowa. Da shekara goma da suka wuce muka yi wannan aiki, ko da a kimar yau, da fam 5,900 ya ishe mu. Idan kuwa muka ƙara shekara goma, zai haura fam 15,500. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ina jin nauyin shekaru 19 da na yi ina biyan fam 15 ba tare da na tambayi abin da ke bayansa ba.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai, shi ne ganin lissafin cike yake da kaso cikin ɗari na shekara-shekara, irin wanda ake lissafa ruwan bashi da shi. Bayan sallar asuba na tsayar da limaminmu na ce, “Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya,” na kwashe bayani na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko akwai rance a tsakanina da mai ƙasar. Na ce babu. Ya ce a fahimtarsa wannan ciniki ne na abu sananne da farashi guda da za a biya lokaci ɗaya, kason kuwa awo ne kawai na gano farashin, amma in kula da inda zan samo kuɗin. Mun riga mun yanke cewa ba za mu ci bashin banki ba. Muna da ajiya, kuma ɗibar adashin da muke yi da 'yan'uwa a nan garin za ta zo kanmu a watan Yuli.

8 ga Afrilu

Jiya lauya ta aika sanarwar doka. Ranar tana da muhimmanci, domin ita ce ranar da ake tsayar da lissafi a kanta, komai daɗewar da ciniki zai yi bayan haka. Mai ƙasa yana da wata biyu ya ba da amsa. Yana kuma da ikon neman kafin alƙalami, ninki uku na kuɗin ƙasar shekara ko fam 25, duk wanda ya fi yawa, don haka na ware fam 90. Daga yanzu duk kuɗin lauyansu da na mai kimantawarsu, matuƙar bai wuce hankali ba, yana wuyanmu, ko da daga baya mun fasa.

31 ga Mayu

Sun karɓi kafin alƙalami tun a Afrilu, suka turo nasu mai kimantawar a farkon wannan wata. Na lura bai daɗe a cikin ɗakuna ba. Ya fi ɓata lokaci a waje, yana auna faɗin gareji da tazarar da ke tsakaninsa da shingen maƙwabta, yana ɗaukar hoton gidaje biyu na ƙarshen layi waɗanda masu su suka ɗora ɗaki a saman garejinsu. A lokacin ban gane dalili ba sai da amsarsu ta zo shekaranjiya. Sun amince muna da haƙƙin saye, sun kuma amince ma'aunin asali ne namu, wanda shi ne babban abin da nake fargaba. Amma farashinsu fam 14,484 ne. Hujjarsu ita ce a kimanta filin kamar an gina masa duk abin da zai iya ɗauka, har da ɗaki na huɗu a saman gareji, don haka suka sa gidan a fam 275,000, suka ware kashi 37 na fili, suka yi amfani da 4.75. Wannan hujja ta cikakken gini tana da tushe a yadda ake kimantawa, ba ƙage ba ne. Abin lura dai shi ne da zarar doka ta sa sun nuna lissafinsu, fam 5,000 ta zube daga farashinsu na Fabrairu.

28 ga Yuni

Mun bar maganar har aka gama hidimar babbar salla, sannan masu kimantawar biyu suka fara musayar wasiƙu. Namu ya karɓi ƙarin fam 300 domin wannan aiki. Ya nuna musu cewa garejinmu ba shi da harsashin da zai ɗauki bene sai an rushe shi an sake, kuma filin yana da gangara ta baya, abin da ke rage kason fili. Ya yarda a ɗaga gidan zuwa fam 260,000 da kashi 35, wanda a 5.25 ya ba da fam 10,326. Su kuma suka sauko zuwa kashi 5 a kan waɗannan lambobi, wato fam 11,644. Mun taya 10,300, suka ce albarka.

Idan an kasa daidaitawa, kowane ɓangare yana iya kai maganar kotun musamman ta harkar gidaje, wadda ke da ofishi a nan Birmingham, ita ta yanke farashi. A can kowa shi ke biyan mutanensa. Mai kimantawarmu ya ce yana da ƙwarin gwiwar samun 5.25, amma rubuta rahoton shaida da tsayuwa gaban kotu zai ci kuɗin da ya fi tazarar da ta rage tsakanin lissafinmu da nasu, wadda ba ta wuce fam 1,318 ba, ban da watannin jira. Ra'ayina shi ne lissafinmu ya fi kusa da gaskiya, amma ban ga hikimar kashe fam dubu biyu domin ceton dubu ɗaya da 'yan kai ba. Duk da haka na ce lauya ta shirya takardar kai ƙara ta nuna musu, domin su ma wannan lissafin ya hau kansu.

19 ga Yuli

Ciniki ya faɗa a fam 10,900. Sai kuma wata sabuwa ta fito a daftarin takardar miƙa mallaka da lauyansu ya turo. A sakin layi na huɗu sun sa cewa ba za mu yi gini ko gyaran da zai sauya fuskar gidan ba sai da izininsu a rubuce, tare da biyan kuɗin neman izini. Lauyarmu ta ja layi a ƙarƙashinsa ta kira ni. Ta ce dokar 1967 ta taƙaita irin sharuɗɗan da mai ƙasa zai iya ɗorawa, kuma asalinsu kariya ne ga wata kadara tasa da ke kusa, ba hanyar ci gaba da karɓar kuɗi ba. Da ta hanyar cinikin kai tsaye muka bi, ba mu da wannan madogara, kuma na san mutanen da suka sayi mallakar dindindin amma har yau suna biyan kuɗin izini kafin su sauya taga. Na ce mata ba zan sa hannu ba sai an cire. Mako guda aka yi ana kai da komo, daga ƙarshe suka cire batun izini da kuɗinsa, aka bar sharaɗin cewa gidan na zama ne, ba za a mayar da shi shago ko masana'anta ba, wanda ban ga aibu a cikinsa ba.

12 ga Satumba

Ranar Talata aka kammala, kuɗi suka shiga hannun lauyansu, aka miƙo takarda mai sa hannu. Ga yadda lissafin ya tsaya. Farashin ƙasa fam 10,900, wanda kafin alƙalamin fam 90 yana ciki. Lauyarmu fam 1,320 har da harajin VAT na kashi 20. Lauyansu ya fara neman fam 1,500, tamu ta nemi ya nuna sa'o'in da ya yi aiki, ya dawo fam 1,080. Mai kimantawarsu fam 660, namu fam 900 gaba ɗaya. Rajista da ƙananan bincike fam 60, sai fam 120 da na ba dillalai a Fabrairu da fam 7 na kwafin farko. Babu harajin sayen gida, domin cinikin bai kai fam 40,000 ba. Jimla fam 15,047, inda fam 4,147 duk kuɗin hidima ne, wato fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na abin da muka kashe. Da na amsa tayin Fabrairu, da fam 19,500 ɗin ne tare da kuɗin lauyoyi biyu a kai.

Abin da ya rage shi ne hukumar rajistar filaye ta rubuta sunanmu, ni da uwargida, a rajistar mallakar dindindin, ta kuma rufe ta wa'adi ta haɗe su, kuma lauya ta ce wannan yakan ɗauki watanni. Maƙwabciyarmu ta shigo da yamma da tata yarjejeniyar a cikin ambulan, ita ma daga 25 ga Maris, 1972 ta fara, amma filinta na kusurwa ne, ya fi namu faɗi, don haka kason filinta zai fi namu. Na ce ta kawo takardar kuɗin ruwanta gobe da safe mu fara duba tsohuwar kimar, sannan 'yata ta zuba mata lambobinta a jadawalin kafin ta je wurin lauya ranar Litinin.